Jama'ar Ƙasar Ningi, Mu Rubuta Tarihin Gidajenmu Tun Dattawa Na Raye

Ya ku jama'ar ƙasar Ningi, na kan tudu da na bakin kogi, mutanen Burra da Warji da Nasaru da Tiffi da Gadar Maiwa, da maƙwabtanmu na Miya da Kariya, da 'ya'yan wannan ƙasa waɗanda karatu ko neman halali ya kai su Kano da Bauchi da Jos da Abuja! Kira nake yi da babbar murya, kuma buƙatata ɗaya ce: kowane gida ya zaunar da tsohonsa da tsohuwarsa, ya tambaye su daga ina muka fito, su wa suka haife mu, me suka gani da idonsu, me suka ji daga bakin iyayensu, sannan a rubuta a adana. A yi wannan aiki bana. Masu riƙe da wannan ilimi kullum raguwa suke yi, kuma duk dattijon da muka kai makwancinsa ba mu tambaye shi ba, ya tafi da abin da babu mai iya dawo mana da shi.

Ku dubi ƙasar da Allah ya zaunar da mu a cikinta. Ruwan da ke sauka a tsaunukan Jos shi ke gangarowa ya zama kogin Bunga, ya ratsa ƙasarmu, can gaba a kira shi kogin Jama'are, ya je ya haɗu da kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Manoman shinkafa da masunta na fadamun Haɗeja da Nguru suna cin albarkar ruwan da ya bi ta ƙofarmu. Duwatsun ƙasarmu kuwa tun fil azal akwai mutane a cikinsu. A farkon shekarun 1980 masana suka yi tono a wani kogon dutse a Kariya Wuro, suka fito da kayan aiki na dutse irin waɗanda ake amfani da su kafin ƙira ta yaɗu. A arewa da mu, a Birnin Kudu, zanen shanun da mutanen dauri suka yi a jikin duwatsu yana nan har yau. Butawa da Warjawa da Afawa da Sirawa da Kudawa da Diryawa da Miyawa da Kariyawa, kowa da dutsensa, kowa da harshensa, kowa da tsarin shugabancinsa, tun kafin a ji sunan wata masarauta a nan.

A wajajen 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, Malam Hamza ya tashi daga Tsakuwa ta ƙasar Kano tare da 'yan'uwansa malamai da almajiransu, bayan sun saɓa da hukuma a kan kuɗin ƙasa. Suka shigo cikin waɗannan duwatsu, mutanen dutse suka ba su masauki. Daga haɗuwar alƙalamin malaman da kwari da bakan masu masaukinsu aka sami ƙasar da ta gagari manyan masarautun da ke kewaye da ita sama da shekara 50. Bayan Malam Hamza, an yi Ɗan Maje, an yi Haruna Ƙarami, an yi Ɗanyaya. Rundunoninsu sun shiga ƙasar Kano da ta Bauchi da ta Zazzau. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, da Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu sun sha ɗaura yaƙi saboda Ningi, har aka jera garuruwan ribaɗi a bakin iyaka don tare mahara. Ningi ba ta shiga hannun kowa ba sai da Turawa suka zo a 1902.

Kafin Madaki na cikin waɗannan garuruwa na ribaɗi. Gidan Madaki da ke can, wanda Babban Gwani, maginin masallacin Juma'a na Zariya, ya gina a wajajen 1860, yana tsaye, kuma yana cikin jerin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin karewa. Madalla da haka. To, garin da aka kafa don tare kakanninmu an adana masa gidansa. Mu da aka yi ginin dominmu, me muka adana? Yara nawa ne a makarantunmu suka taɓa hawa Tsohuwar Ningi? Mutum nawa ne a cikinmu zai iya nuna kufan gidan kakansa?

Ku tambayi kanku kuma: wa ya rubuta abin da aka sani game da mu? Marubutan fadojin da muka yi yaƙi da su sun rubuta, kuma abokin gaba ba ya yi maka kirari. A wurinsu kakanninmu 'yan tawaye ne kawai. Jami'an Turawan mulkin mallaka sun rubuta, amma abin da ya kawo su ƙidayar kawuna da shanu ne don haraji da jangali, kuma rahotanninsu na can jibge a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Wani masani Ba'amurke, Adell Patton, ya zo a farkon shekarun 1970, ya zauna da dattawan wancan lokaci, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan masarautar Ningi a Jami'ar Wisconsin a 1975. Wani masanin harsuna, Russell Schuh, ya wallafa littafin nahawun harshen Miya a 1998. Mun gode musu, sun yi aikin da ya kamata a ce mu muka yi. Sai dai da Turanci suka rubuta, don masu karatun jami'a, kuma hankalinsu na kan sarakuna da yaƙe-yaƙe da ƙa'idojin harshe. Labarin yadda kakarka ta sauko daga dutse da tulu a ka da goyo a baya, da sunan rafin da suka fara yada zango, da wanda ya ba su gonar farko, babu baƙon da zai ƙetaro teku ya rubuta maka shi. Wannan aikinka ne.

Wanda yake ganin akwai sauran lokaci ya dubi abin da ya sami harsunanmu. Butawa na nan da yawansu, amma masana harsuna sun riga sun sa Butanci cikin harsunan da aka daina magana da su. Kudanci ya kusa bin sahu. A gidajen Warjawa da Afawa da yawa, musamman na cikin gari, kaka ce ke magana da harshen gida, uwa na ji ba ta iya mayarwa, jika kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Hausa harshenmu ce, da ita muke ciniki da wa'azi da zumunci, da ita nake yin wannan kira. Amma duk harshen da ya mutu, yakan tafi da sunayen duwatsu da rafuka da itatuwa da magunguna, da waƙoƙin niƙa da na noma, da kirarin gidaje. Mafi yawan waɗannan ba a taɓa ajiye su a takarda ba, a bakin mutane suke, kuma mutanen na tafiya. A watan Agusta na 2024 muka yi rashin Mai Martaba Sarkin Ningi Alhaji Yunusa Muhammad Ɗanyaya, bayan ya shafe sama da shekara 40 a kan karaga. Allah ya jiƙansa da rahama. Rasuwar sarki kowa ya ji ta. Tsofaffin ƙauye kuwa, waɗanda kowannensu ke ɗauke da tarihin zuriya guda a kansa, a kowace damina da kowane rani ana binne su ba tare da labari ya wuce unguwarsu ba.

Kada wani ya ce wannan aikin masu ƙoshi ne, talaka na fama da taki da kuɗin makaranta. Duk wanda ya taɓa zama a zauren dagaci ko gaban alƙali ana shari'ar gona ya san darajar tsohon da zai miƙe ya ce iyakar ta tashi daga gindin tsamiyar can ta bi ta bakin rafi, kuma wane ne ya ba wane aro a shekarar fara. Ranar da aka rasa irin wannan tsoho, sai rantsuwa da gaba tsakanin 'ya'yan wa da ƙani. Rabon gado ba ya yiwuwa sai an san magada. Zumuncin da addini ya wajabta mana ba ya saduwa sai an san dangi. Yau sai ka ga samari biyu sun yi faɗa a kan siyasa har da zub da jini, alhali kakanninsu mata ciki ɗaya suka fito. Da sun san haka, da wuya hannu ya tashi.

Akwai abin da ke hana mu wannan aiki wanda ya fi rashin kuɗi ƙarfi, wato kunya, kuma dole a faɗe ta a fili. Wasunmu ba sa son a ce kakansu na uku ko na huɗu bai yi salla ba, ya yi tsafi a kan dutse, ya sha giya a bikin kaka. Saboda haka sai a yanke tarihin gida daga ranar da aka musulunta ko aka shiga coci, ko kuma a ƙago wata hijira daga gabas a liƙa wa zuriya. Wasu kuma suna tsoron a tono cewa an kamo kakarsu ne a wani hari, ko kuwa kakansu ne ya kamo na wasu. Jama'a, yaƙin ƙarni na 19 ya ci kowa. An kama mutanenmu an kai Kano da Bauchi, mu ma mun kamo na wasu mun kawo cikin duwatsu, kuma jinin duka ya gauraya a jikinmu. Sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba su ɓoye sunayen iyayensu da suka rayu a jahiliyya ba, kuma Larabawa sun riƙe ilimin nasaba bayan zuwan Musulunci. Sanin abin da kakanka ya bauta wa ba ya rage maka imani, sai dai ya ƙara maka godiya ga Allah. Ƙaryar asali kuwa addini ya yi hani da ita da kakkausar murya. Mu rubuta gaskiya yadda take, mai daɗi da marar daɗi, ba don a yi wa wani gori ba. Duk wanda ya ɗauki wannan aiki ya mai da shi makamin tozarta wani gida ya ci amanar dattawan da suka buɗe masa baki.

Yadda za a yi aikin ba shi da wuya. Wayar da ke aljihunka ta isa, sai littafin rubutu da biro. Kada ka faɗa wa tsoho da tambaya tamkar ɗan sanda. Je ka da goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa, bayan la'asar ko bayan isha, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, so nake jikokinka su san ka, su san waɗanda suka haife ka. Ka yarda in ɗauki maganarka?" In ya yarda, ka ajiye wayar a kan tabarma kusa da shi, ka fara da faɗin sunansa da garin da ranar, sannan ka yi shiru ka saurara. In ya bar hanya ya shiga labarin farauta ko na wata kasuwa da ta mutu, kada ka katse shi, sau da yawa a nan gwal ɗin yake. Tsoho ba ya ƙirga shekara da lamba, saboda haka ka tambaye shi da abin da ya faru: zamanin wane sarki, kafin yunwa ko bayanta, kafin a sauko daga dutse ko bayan an sauko, lokacin da ake zuwa haƙar kuza a Jos, shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973. Ka tambayi tsagar gidanku da ma'anarta, da sana'ar gado, ƙira ce ko jima ko saƙa ko su ko farauta, da abin da gidanku ba ya ci, da waɗanda kuke wasa da su da dalilin wasan. In da sauran harshen gida a bakinsa, ka roƙe shi ya ba da labarin da shi tukuna, sannan ya maimaita da Hausa.

Kada a tsaya a zaure. A shiga cikin gida. Maza sun riƙe sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma mata ne suka san wace aka auro daga wane gari, wa ya sha nonon wa, wane yaro aka ba wa riƙo, wace ta fita da ciki. 'Yan mata da matan aure masu ilimi, wannan fagenku ne, domin akwai maganar da tsohuwa ba za ta yi a gaban namiji ba. Ku lura da alkunya: Iya ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, ko da za a kwana ana tambaya. Za ta ce "malam" ko "mai gidan nan" ko "wannan yaron". Kada ku matsa mata, ku nemi sunan a bakin ƙanwar mijin ko wata tsararta. Haka nan yaron da aka sa wa sunan kakansa, aka riƙa kiransa Abba ko Baffa har sunan yanka ya ɓace, ku binciko sunan na ainihi ku rubuta su biyun. Abin da kuka ji a ɗaki ɗaya ku gwada shi da na wani ɗakin. In ruwayoyi biyu sun saɓa, ku rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗi kowace, kada ku zaɓi wadda ta fi yi muku daɗi.

Bayan baki, sai takarda. A gidajen malamai da limamai da alƙalai akwai gafakoki da akwatunan da aka daɗe ba a buɗe ba, cike da rubutun ajami da na Larabci: wasiƙu, da takardun rabon gado, da salsalar malamai, da sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwarsu a bayan bangon littafi. Gara na ci, ɗigon ɗaki na jiƙawa. Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku, ba mu ce ku ba kowa kundinku ba. Ku bari ɗanku ko almajirinku ya shimfiɗa kowace takarda a inuwa ya ɗauki hotonta, shafi bayan shafi, a mayar da ita inda take. Haka za a yi wa tsofaffin hotuna da rasiɗin haraji da takardar sallama ta tsohon soja.

Bayan takarda, sai kufai. Matasa, ku nemi tsohon da ƙafarsa ke da sauran ƙarfi, ku hau dutse tare da shi da rani, bayan ciyawa ta kwanta. Za ku ga duwatsun da aka jera a zagaye, gindin rumbu ke nan. Za ku ga dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa saboda hannun matan da suka yi shekaru suna niƙa a kansa, da fasassun tukwane, da kashin maƙera inda aka narka tama, da ragowar ganuwar dutse a mashigar gari, da kukar da ta nuna inda dandali yake. Ku bar tsohon ya nuna muku gidan wane da gidan wane, da maƙabarta, da hanyar da mata ke bi su ɗebo ruwa. Ku ɗauki hoto, ku rubuta sunan kowane wuri yadda ya faɗe shi. Kada ku ɗauke komai, kada ku tona komai, kuma kada ku sayar wa kowane baƙo ko da guntun kasko ne.

Lokaci ba ya jiranmu ta wasu fuskokin ma. Masu fasa dutse don gini ba su san kufai ba, abin da suka sani tifa nawa za ta cika. An shafe shekaru da dama ana maganar madatsar ruwa ta Kafin Zaki a kan wannan kogi namu, kuma duk ranar da aka gina ta, akwai gonaki da kufai da maƙabartun da ruwa zai rufe har abada. 'Yan bindigar da suka addabi yankin dajin Lame-Burra a 'yan shekarun nan sun tashi mutane daga matsugunansu, kuma wanda ya gudu da tsakar dare ba ya tsayawa ɗaukar gafakar kakansa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Saboda haka kowa ga nasa rabon aikin. Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, da hakimai da dagatai da masu unguwanni: kalma ɗaya daga bakinku ta isa ta buɗe ƙofofin da shekara goma ta roƙo ba za ta buɗe ba. Ku umarci kowace gunduma ta tattara jerin dagatanta da tarihin kafuwar ƙauyukanta, ku ware ɗaki a fada inda za a ajiye kwafin duk abin da aka tara, ku kuma hana fasa dutse a duk inda kufai yake. Limamai da fastoci, ku gaya wa mabiyanku cewa sanin asali ba saɓo ba ne. Malaman makaranta, an cire darasin tarihi daga ƙananan makarantun ƙasar nan a wajajen 2009, an kuma dawo da shi bayan sama da shekara goma. Ku cika shi da abin gida: aikin hutun kowane ɗalibi ya zama ya rubuto sunayen kakanninsa har hawa huɗu, ta wajen uwa da ta wajen uba, da labari ɗaya daga bakin tsoho. Ɗalibanmu na jami'o'in Bauchi da Gadau da Kano da Zariya, ku daina neman batun bincike a nesa alhali ƙauyenku ba a taɓa rubuta shafi ɗaya a kansa ba. Ku je Kaduna ku karanto abin da Turawa suka rubuta game da gundumarku, ku kawo wa dattawa su gyara kurakuransa. Masu hali da manyan ma'aikata, kuɗin da ɗayanku ke kashewa a walimar kwana ɗaya zai buga littafin tarihin gari guda da Hausa, har a raba wa makarantu. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, ku sa wannan a cikin ajandar taronku na Salla, ku naɗa mutum biyu, mace da namiji, su riƙe aikin. Duk abin da aka ɗauka a waya a kwafe shi a wuri uku, a kuma rubuta shi a takarda, domin waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Kada kowa ya jira kwamiti ko kasafin kuɗin gwamnati kafin ya fara. Da zarar an gama girbi an kai amfani rumbu, dattawa sun sami sararin zama, dare ya yi tsawo, to lokaci ya yi. Ka zaɓi mafi tsufa a danginku ka fara da shi a wannan mako, domin shi ne ba ka da tabbacin samu baɗi. In kana birni, ka ɗauki hutu ka zo, ko ka tura wa ƙanenka kuɗin kati ka ce ya je ya zauna da Kaka. Kafin Babbar Salla mai zuwa, kowane gida a ƙasar Ningi ya kasance yana da littafi guda da aka rubuta sunayen kakanninsa a ciki, da muryar tsoho guda aƙalla a ajiye. Ku tashi, 'yan'uwa, mu yi wa kanmu wannan aiki da hannunmu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ikon sauke wannan nauyi. Amin.